Zanen da ke Cikin Ƙwaryar Gwaggo Riskuwa

A Zauro, idan an gama bugun shinkafa, matan da suka yi shiƙa ba sa tashi sai Gwaggo Riskuwa ta iso da ƙwaryarta. Ladan kowace mace ƙwarya ɗaya da rabi ne, kuma rabin nan shi ne wurin rigima. Gwaggo ta raba wannan gardama tun tana amarya, da wani baƙin zane da ta ƙona da bakin wuƙa a cikin ƙwaryar. In shinkafa ta taɓa zanen, an kai rabi. Shekara talatin ba wanda ya ce mata kanzil, daga mai gona har mai shiƙa.

Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwarsa. Gajeruwa ce, mai ƙarancin magana, kuma ba ta taɓa shiga aji ba. Ni kuwa, Abdussamadu, a shekarar 1983 na fara koyar da lissafi a wata sakandare a Birnin Kebbi, takardar ɗaukata aiki daga Sakkwato tana aljihu, kaina ya fi hulata girma. Rula ba ta rabuwa da ni, kome na gani sai na auna.

Da kakar wannan shekarar na je masussuka gaishe ta, idona ya faɗa kan zanen. Na ɗauki ƙwaryar na sa rula: faɗinta inci goma sha biyu, zurfinta shida, kamar an raba ƙwallo biyu. Amma zanen yana kusa da inci huɗu daga gindi. Da ƙarfi na ce ai rabin shida uku ne, wannan zane ya haye rabi. Na ma yi dariya. Gwaggo ta dube ni, ta karɓi ƙwaryarta, ta ci gaba da awonta.

Kafin sati maganar ta zaga gari: malamin lissafi, ɗanta na cikin gida, ya ce Riskuwa ta shekara talatin tana yi wa masu gona asara. Aka daina aiko mata.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Me ya sa mace mai ido kamar Gwaggo za ta kuskure tsakiya da inci guda cur? Na kai wa Malam Rotimi, tsohon malamin lissafinmu, Bayarabe da Hausa ta zauna a bakinsa. Ya saurare ni, ya tambaye ni ko ƙwarya gwangwani ce. Gwangwani faɗinsa ɗaya daga sama har ƙasa, ƙwarya kuwa gindinta a tsuke yake, cikinta yana sama. Ya rubuta mini ƙa'idar auna yankin ƙwallo a allo: ka ninka rabin faɗin sau uku, ka cire zurfin da abin ya kai, ka ninka da zurfin, ka sake ninkawa da shi. Ya miƙo mini alli.

A inci shida na sami 432. A inci uku, inda na ce nan ne rabi, na sami 135, ko sulusi bai kai ba. Na yi ta matsawa sama ina neman 216, ban same shi ba sai saura ƙiris inci huɗu, daidai inda wuƙar Gwaggo ta bi. Da an bi rulata, matan Zauro ne za su koma gida da ƙwarya da ɗan guntu. Kunya ta rufe ni, na zauna a kan benci alli yana hannuna.

Ran Asabar na hau keke da lissafin a takarda. Na iske ta tana tsintar tsakuwa a shinkafa, ƙwaryar tana kife a kan rumbu. Na durƙusa na yi mata bayani tiryan-tiryan, har na tambaye ta yadda ta gano wurin. Ta ce ba wani abu ba ne: ta zuba, ta juye, ta sake zubawa, har ta ga inda zubi biyu ke cika ƙwaryar, ta ƙona wurin.

Na ce to me ya hana ta yin haka a masussuka ranar nan? Zubi biyu kawai, da kowa ya gani da idonsa, magana ta mutu.

Ta ci gaba da tsintarta, ta ce, "In na zuba gaban mutane, kai na ƙaryata. Bana-bana anka ba ka aiki. Wa za shi ba ka ɗiyanai ka koya musu lissahi?"

Na ninke takardar na sa aljihu, na sauko da ƙwaryar daga kan rumbu, na kakkaɓe ƙurar, na tambaye ta gonar wa ake shiƙa yau.