Zabin Baturiya

A shekarun da nake aiki a sakatariya a Dutse, na kamu da ciwon ajiye rubutu. Duk abin da na gani a intanet, in dai kansa ya burge ni, sai na danna na tura shi cikin wata manhaja da ke adana wa mutum karatu har ya samu sukuni. Sukunin ne bai taɓa zuwa ba. Amma wajen tsari ba a bar ni a baya ba. Na raba su aljihu-aljihu, kowanne da sunansa: akwai “Na Gaggawa”, akwai “Bayan La'asar”, akwai “In Na Yi Ritaya”. Da rubutu ya tsufa a “Na Gaggawa” sai na ɗauke shi na mayar “Bayan La'asar”, na ji wani sanyi a raina kamar na karanta.

Wata Asabar da damina na shiga motar haya zan je Miga duba Innata. Ni ce a gaba. A baya akwai wani dattijo Bafulatani da zai ci kasuwar shanu, kowa na ce masa Baffa, da wata tsohuwa rungume da ƙwarya cike da ƙwan zabi. Cajin wayata ya kusa ƙarewa, sai na roƙi direba ya ara mini igiyarsa. Ban san igiyar da rediyon motar take haɗe ba.

Mun ɗan wuce Kiyawa sai muryar wata mace ta cika motar da Turanci, a natse, ba sallama. Ashe manhajar tana karatu da baki, ni da na shekara da ita ban sani ba. Na kai hannu zan kashe.

“Bar ta, 'yata,” in ji Baffa. “Ba a katse baƙo. Me take cewa?”

Na saurara. Kunya ta rufe ni.

“Baffa, tana bayanin yadda ake kwashe dusar ƙanƙara daga rufin gida ne.”

“A Dutse?”

“A'a, can ƙasashen sanyi.”

“Can za a mayar da ke aiki?”

Na ce a'a. Ya ce ai shiri ba ya ɓaci, na ci gaba da fassara. Haka na zama tafinta. Tana faɗa ina juyawa, direba ya rage gudu don kada iska ta hana shi ji. Daga ƙanƙara ta shiga yadda ake koya wa aku daina zagi. Direba ya tambaya ko ina da aku. Ba ni da shi. Daga nan ta faɗa abin da mutum zai yi in ya haɗu da wata ƙatuwar dabbar daji da ake kira beya: wai ya kwanta ya yi kamar ya mutu.

Nan mota ta rabu biyu. Baffa ya ce wannan shawarar ragwaye ce, namiji ba ya mutuwa kafin a kashe shi. Direba ya ce shi kam zai kwanta, har likkafani zai nema in da hali. Tsohuwa ta ce ita tambayarta ɗaya, ana cin naman dabbar? Aka juyo gare ni. Na ce rubutun bai faɗa ba. Ta ce to me ya faɗa ke nan?

Sai muryar ta iso kan wani rubutu na Hausa, yadda ake dambun zogale. Ta shiga karanta shi da harshen Turawa, tana tauna kalmomi kamar mai cin ƙashi. Zogale ya koma “zogel”, albasa ta koma wani abu da ba zan iya maimaitawa ba. Tsohuwa ta matso da bakinta kusa da kujerata.

“Sannu, baiwar Allah. Kina ƙoƙari. Ya mutanen gida?”

Muryar ta ce a zuba mai.

“Iya, ba ta ji,” na ce. “Na'ura ce.”

“Kunya ce,” in ji ta. “Haka baƙunta take.”

A Jahun tsohuwar za ta sauka. Ta sa direba ya jira, ta buɗe ƙwaryarta, ta zaɓo ƙwai masu kyau ta zuba mini a gyale. Na fara godiya, ta ɗaga hannu.

“Ba naki ba ne. Na Baturiyar ne. Tun daga Kiyawa take magana ko ruwa ba ki ba ta ba.”

Na isa gida da ƙwai a gyale. Na ba Inna labari ina dariya, na ce a soya mana. Inna ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni tsohuwar da bakinta ta ce na wane ne. Na faɗa. Ta ce to amana ce, ba za a ci amana a gidanta ba, tunda mai su ba ta ce a soya ba. Na ɗauko waya na ce ga ta nan, a tambaye ta. Na danna, muryar ta hau bayanin yadda ake wanke tagar bene mai hawa da yawa. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce ba ta ji inda ta yafe ba.

Akwai kazarta da ke kwanci, sai ta saka mata su. Suka ƙyanƙyashe. Da rani ya yi sun zama zabi, da shekara ta zagayo suka ninka. Duk unguwar ta san su da zabin Baturiya, kuma in sun yi ɓarna a gonar maƙwabci, ni ake kira a Dutse na isar da ƙara.

Bara Inna ta bugo mini tana faɗa. Sun yi yawa, sun hana ta barcin rana, dawa ba ta isarsu.

“Ki gaya mata ta zo ta ga dukiyarta,” ta ce, “ko ta aiko da hatsi. Ni na tsufa da kiwon mutane.”