Jakin Kaka da Baƙin Umma

Shekarun da kuɗin mai ya faso, duk wanda ya samu tikiti a Kano sai ya taho London sayayya, kuma ɗan falonmu na Camberwell ne masauki. Umma, da tsohon cikinta da kumburarrun ƙafafu, ita ce girki, ita ce rakiya kanti, ita ce ɗaukar jaka. Ban taɓa jin ta ce wa baƙo a'a ba.

Bayan magariba Kaka, mahaifiyar Baba, kan tara mu gaban hitar gas, wadda take kira murhun marowata don ba ta gasa ko gyaɗa. Sista Lina, nas ɗin da ke hawa na sama, takan sauko shan kunu. 'Yar ƙabilar Ibaloi ce daga duwatsun Filifin. Ni ke fassara mata.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya," in ji Kaka. Wai ranar da aka raba wa dabbobi kalmomi, jaki ya makara, ya tarar a'a ta ƙare. Mai itace ya ɗora masa, mai gishiri ya ɗora, har kaza ta hau. Da bayansa ya fara tsagewa, ya je aro wurin akuya, ta ce masa a'a.

Sista Lina ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce da garinsu ya je, da ya samu: a yaren Ibaloi a'a ta "babu" daban, ta "ba shi ba ne" daban, ta "kada ka yi" daban.

"Ce mata ta ara mana ɗaya," in ji Kaka, tana kallon ƙafafun Umma. "Akwai mai bukata a gidan nan."

Umma ta sunkuyar da kai.

Ba a daɗe ba Baffa Sule ya bugo waya, zai zo da abokansa. Muka ji Umma ta ce: "Baffa, ka yi haƙuri, a'a. Sai dai a yi muku booking a hotel." Kaka ta rangaɗa guɗa har Baturen maƙota ya buga bango. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na dawo gadona da nake bar wa baƙi.

Na daɗe ina zaton don mu yara aka yi tatsuniyar. Sai da na yi aure na gane: dangin miji ne baƙin, Umma ba za ta iya ƙin su ba sai uwarsu ta yarje. Kaka kuma ba za ta faɗa a fili ba, sai ta aiko jaki.