Shinkafar da Ta Ƙi Tsira

Shekarar da za a raba mu aji a makarantarmu ta Birnin Kebbi, malamin kimiyya ya ce ba jarrabawar takarda kaɗai za ta kai mutum ajin kimiyya ba, sai da makin gwaji. Kowa ya kawo shinkafa shanshera, mai ɓawonta, ya shuka a gwangwani biyu, ɗaya a taga, ɗaya a duhun kabad. Makin kashi uku ne: yadda ka shirya, abin da ka gani, da dalilin da ka bayar. Ni kuwa ajin nan nake so kamar in yi hauka.

Na aika wa kakata a Argungu cewa ina son shinkafa. Ta aiko min da ƙulli guda, da ɓawonta, jawur, sai ƙamshi. Na shuka ina taƙama.

Na kowa ya tsiro. Nawa shiru. In zuba ruwa, in leƙa, in zana gwangwani ba komai. Ƙawayena har suna cewa in yi masa tofi. Kai, na sha tsiya! A wajen dalili na rubuta cewa iri ne marar kyau.

Ranar ba da maki malam ya tono ƙwaya ɗaya, ya ɓare, ya ɗaga ta a haske. Ya ce, "Wagga ai gumi ce. An turara ta, ta mutu tun a tukunya. Kin shirya daidai, kin faɗi gaskiyar abin da kika gani. Amma kin zargi iri ba ki buɗe shi ba." Kashi na ukun ya tafi, kuma da shi aka fi ni. Aka tura ni ajin adabi.

Ashe kakata da ta ji jikarta na son shinkafa, ta ɗauka ci zan yi, shi ne ta kwana tana turarawa ta shanya, surfe kawai ta bar min. Wa zai aika wa yarinya ɗanya?

Har yau in na ji warin sinadari a asibiti sai zuciyata ta koma ɗakin gwajin makarantarmu, dogayen tebura da famfon da ba ya kawo ruwa. Ina kewarsa, wallahi, ina kuma kewar kakata fiye da shi. Ban taɓa gaya mata abin da shinkafarta ta ja min ba, ita a tunaninta karatun likita nake. Duk hutu in na je, sai ta miƙo min hannu in duba mata jijiya, tana ce wa maƙwabta, "Ku matsa, likitata ta zaka." Ni kuma in riƙe hannun in ce lafiya lau, Inna. Haka muka yi har ta rasu.