Dattijo Mai Keken Hannu a Bakin Lambatu

Hajaratu mai ƙosai ba ta san sunansa ba, amma duk ranar kasuwar Ƙanƙara tana ganinsa. Dattijo ne mai faɗin ƙirji, damatsansa kamar na maƙeri, ya naɗe shanyayyun ƙafafunsa a kan keken da yake tuƙawa da hannu. A bayan keken akwai ƙullin igiyoyin kaba. Tana jin shi yake tufka su, wataƙila da su yake ciyar da gida guda.

A da, in ya iso bakin lambatu sai ya tsaya cikin rana, manyan motoci na wucewa dab da shi, har sai samari sun ga damar cicciɓarsa. Yanzu an gyara titin, an ware wa kekuna gefe guda, an rufe lambatun da siminti.

Yau ma ya tsaya, har ya ɗaga hannu zai yi kira, sai ya dubi ƙasa. Ya zaro sandarsa yana ƙwanƙwasa simintin.

Hajaratu ta ce, "Baba, wuce abinka, da ƙwarinsa. Ɗazu amalanke ta bi ta nan."

Ya yi bisimilla ya murza, keken ya haye sumul. Ya sauke ajiyar zuciya, ya dube ta yana murmushi.

"Ɗiyata, ashe yau ba wanda zan roƙa."