Gangar da Ta Tada Tsofaffin Sojoji

A gidanmu a Zuru, kowa soja ne ko yana shirin zama soja. Ni kaɗai Allah ya ba ƙafafu biyu da ba sa ga maciji da juna. Baba tsohon saje ne, ya dawo daga aiki da ɗingishi da sanda da baki mai zafi. Kullum da yamma sai ya jera mu a tsakar gida mu yi fareti. In ya ce "Hagu!" tawa dama ce ke fita.

"Wannan yaro," in ji shi, "akuya ma ta fi shi."

Ina aji huɗu na sakandare aka kawo mana malamar kiɗa, wata 'yar gajeruwa mai koyar da mawaƙa a cocinmu. Sau ɗaya ta ji muryata, ta ce don Allah kar in sake. Sai ta rataya mini babbar ganga, wadda da kyar nake hango gabana.

"Ba ƙarfi nake so ba," ta ce. "Ƙirga. Ɗaya, biyu. Kuma ka saurari na kusa da kai."

Wata uku tana buga rula a tebur ina bi, har ran nan ta ce, "Ka iya." Ba wanda ya taɓa gaya mini haka.

Da Baba ya ji labari, ya ce ɗan saje ba zai zama makaɗi ba, ana gama wasannin makaranta zai je ya cire ni daga ajin. Na ji zafi ƙwarai, har na kasa cin tuwo.

To, a Zuru ba a yin fareti ba tare da tsofaffin sojoji ba. Ko ba a gayyace su ba za su zo su cika rumfa, suna kushe tafiyar yara. Ranar wasannin ina ɗaga kai sai ga Baba a layin gaba. Na yi ta zuba sauri a ganga, ɗalibai masu fareti suka koma kamar masu bin motar kasuwa. Malama ta harare ni, ta ɗaga yatsa. Na ja numfashi. Ɗaya, biyu. Kiɗa ya zauna.

Sai na ga ƙafafu suna motsi a ƙarƙashin kujeru. Wani tsohon kofur ya miƙe, na kusa da shi ya bi. Kafin ka ce me, rumfa ta zama wayam, tsofaffi sun bi bayan 'yan matan aji ɗaya, ƙirji a gaba! Shugaban makaranta ya yi ta ɗaga hannu, amma wa zai tsayar da saje? Ni kuwa ba wanda ya ce in daina. Sau uku muka zagaya fili. Sandar Baba tana can jingine da kujera.

Da yamma ya jera mu kamar kullum. Na tsaya a wurina na ƙarshe.

"Kai, fita daga layin nan."

Na fita. Sai ya miƙo mini daron wankin Mama da muciya.

"Ka yi gaggawa da farko," ya ce.

"Na sani, Baba."

Ya jingine sandarsa a bango, ya shiga wurin da na bari a layi.

"Buga mana. Tun da na bar bariki ƙafar nan ba ta ƙara jin maganata ba, sai yau ta ji taka."