Simintin da muka shafa wa soron mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana da rai, mun yi wa gidanmu wani aiki wanda har yau ba na son a kira shi gyara a gabana.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin Gumel da Sule Tankarkar. Direban da bai rage gudu ba, ba zai san ya ratsa gari ba. Amma muna da tsofaffin manyan gidaje uku da duk yankin ya sani. Akwai gidan dagaci, akwai gidan masu rini kusa da marinar da ta bushe tun kafin a haife ni, sai namu, wanda ake kira gidan madugu. Kakan mahaifina ne ya gina shi. Shi ke jan ayarin fatake zuwa Damagaram, su tafi da hatsi da tufafi, su dawo da kanwa da gishiri. Bayan gidan akwai gandu, gonar da dukan zuri'a ke nomawa tare a da, a gefe kuma rijiyar da raƙuman ayari ke sha. Zaure uku ake wucewa kafin a kai cikin gida. A can ƙurya akwai soro mai rufin azara, bangonsa da kauri har mutum yakan zauna a bakin taga ya miƙe ƙafa. Ko a tsakiyar bazara cikinsa sanyi ne kamar randa.

A wannan soron aka kawo mahaifiyata tana amarya. A nan ta haife mu, a nan mahaifinmu ya cika. Bayan rasuwarsa abu ɗaya ta roƙe mu, kada a tashe ta daga ɗakin nan sai ranar da za a fitar da ita. Ba ta nemi komai ba bayan wannan.

Ginin ƙasa yana da hakkinsa. Kowace shekara kafin ruwan fari, maza su kwaɓa ƙasa da ciyawa, mata su jiƙa ɓawon ɗorawa su haɗa makuba, a bi bango da yaɓe, a share indararo don ruwan rufi ya sami hanya. Mahaifiyata ce shugabar makuba. Da yatsa take taɓawa ta ce ta yi ko ba ta yi ba, kuma babu mai musu da ita, har tsohon maginin da ke duba mana aikin, wanda abokin mahaifina ne. Ni kuwa, gaskiya, na tsani makon yaɓe. Kwana biyar kana taka ƙasa, ƙafa ta tsage, abokanka suna wucewa a kan babur suna yi maka sannu da aiki irin ta tsokana.

Ana nan sai ƙungiyar ci gaban garinmu ta ce za ta tsara wuraren tarihi, domin akwai baƙi da za su zo daga Dutse su gani. Shugabanta ya zo gidanmu da takarda a hannu, ya zaga, ya taɓe baki. A gabana ya ce wa yayana, "Alhaji, wannan ai baƙi za su ɗauka kango ne. Gida mai tarihi irin wannan, a ce har yanzu jar ƙasa? A yi masa filasta mana, a buga fenti."

Yayana shi ne ɗan fari, yana zaune a Gumel, Allah ya buɗa masa. Maganar ta shige shi. Ba mugunta ce ta sa shi ba, wannan zan faɗa ko'ina. Ya ga kamar an ce ya bar uwarsa a kufai. Nan take ya ce za a yi, ciki da waje.

Wanda ba ɗan wajenmu ba, sai na yi masa bayanin wani abu. Mahaifiyata irin matan zamanin da ce, masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, "wancan" take cewa. In ya zo gaishe ta, ta amsa tana kallon tabarma, ya ɗan zauna ya tashi. Duk wata magana mai nauyi tsakaninsu ta bakina take bi, ni auta. Haka muka taso, kuma bai taɓa kawo matsala ba, don duk abin da aka ba ni ina kaiwa.

Da ta ji labarin siminti, ta kira ni bayan la'asar. Ta ce, "Auta, zauna. Ka je ka faɗa wa wancan, bangon ƙasa numfashi yake yi. Ya sha ruwa da damina, ya fitar da rani. In aka rufe shi da siminti, ruwan da ya shiga ba shi da ƙofar fita, a ciki zai zauna ya ci ginin. Ka ce masa ban yarda ba. Ka ce ni na ce."

Na ce to.

Washegari na hau babur na tafi Gumel. Na same shi a falo da abokansa biyu, ana shan shayi, ana maganar irin fentin da za a saya. Na gaishe su, na zauna a ƙasa. Ya ce, "Auta, ya Inna?" Na ce lafiya lau. Sai na ce, "Ta dai ce aikin nan a bi a hankali."

Abin da na kai ke nan. Daga "ban yarda ba" zuwa "a bi a hankali". Na daɗe ina gaya wa kaina cewa nauyin abokansa na ji. Ƙarya ce. A kan hanya na riga na lissafa cewa in aka yi filasta, na rabu da taka ƙasa har abada. Mutum da gemunsa, da 'ya'ya biyu, ya sayar da saƙon uwarsa don kada ƙafarsa ta tsage.

Yayana ya yi dariya ya ce, "Tsofaffi ke nan. Ka ce mata ta kwantar da hankalinta, ƙwararru zan kawo."

Da na dawo ta tambaye ni, "Ka faɗa masa?" Na ce na faɗa. "Me ya ce?" Na ce ya ce ya ji. Ta gyaɗa kai.

Bayan mako biyu mota ta sauke buhunan siminti a ƙofar zaure. Mahaifiyata ta leƙo ta gani, ta koma ciki. Ta dama fura ta aika wa ma'aikata, kamar yadda take yi wa masu yaɓe. Yayana ya ga fura ya ce mini, "Ka gani ko? Har ta yi murna." Ni kaɗai na san abin da ke ranta. A wurinta, ta aika wa ɗanta da hani, ya ji, ya take.

Tsohon maginin ya zo a rana ta biyu, ya tsaya da sandarsa yana kallon yadda ake watsa siminti a bango. Ya ce, "Auta, kun sa wa kakanku rigar leda."

Na ce, "Baba, zamani ne ya zo."

Ya ce, "Ya zo kam. Ruwa ma yana hanya. In ya iso ka gaya masa zamani ne, wataƙila ya ji kunyarka ya koma."

Ma'aikata suka yi dariya, ni ma na yi. Ya juya ya tafi, bai sake taka gidan ba sai ranar da aka kira shi.

Shekarar farko gidan ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Fari da kore. Baƙi suka zo, aka yi jawabi a ƙofar zaure, aka kafa allo mai ɗauke da tarihin gidan, aka ɗauki hotuna. Ina cikin wani hoton, na tsaya a gefen shugaban ƙungiya ina murmushi kamar ni na ja ayarin zuwa Damagaram.

Damina ta biyu soron ya fara wari irin na rima. Bango yana gumi daga ciki. In ka ƙwanƙwasa filastar sai ta yi ƙara kamar ƙwarya, alamar ta rabu da ƙasar da ke bayanta. Tsaga ta fito a bangon gabas, wanda ruwa ke duka. Na gaya wa yayana, ya aiko da mai gyara ya cike tsagar da wani simintin. Mahaifiyata tana kallo. Sau ɗaya kawai ta ce mini, "Zanena ba ya bushewa a ɗakin nan." Ba ta sake aikena ba. Me za ta aika, tunda a ganinta ta aika an ƙi?

Damina ta uku aka yi ruwa kwana uku a jere. Ranar da ya ɗauke, bayan azahar, ta fito tsakar gida tana shanya gero. Ina zaure na ji wani sauti mai nauyi, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhuna daga mota. Na shigo na tarar filastar bangon gabas ta faɗo gaba ɗaya kamar ƙyaure, abin da ke bayanta kuma ba bango ba ne, kunu ne. Azara ta biyo baya. Gadonta, kwanukan aurenta, buzun sallar mahaifinmu, duk suna ƙarƙashi. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Tana tsaye da faifai a hannu, tana kallo.

Aka kira maginin. Ya tsoma sandarsa a sauran bangon, ta shige kamar cikin tuwo. Yayana ya ce, "Baba, a tayar da shi ko nawa ne." Ya ce, "Alhaji, sauran ukun ma sun mutu, tsaye kawai suke. Kuma azara irin wannan, giginyar da za a fasa ta ina take yanzu? Ku fitar da mahaifiyarku daga nan kafin wani ruwan."

A ranar aka kai ta Gumel, gidan yayana, ɗaki mai tayil da fanka.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo bayan haka. Shugaban ƙungiyar nan, shi da bakinsa ya ce a yi filasta, ya dawo da mutanensa suka ɗauki hoton ɓaraguzan. A taron gari ya miƙe ya ce abin takaici ne yadda iyalai ke sakaci da kayan tarihi, kuma dama ginin ƙasa ba ya ƙarko. Ginin da ya ga kakan mahaifina, ya ga kakana, ya ga mahaifina, yana tsaye da ƙasa da ɓawon ɗorawa, shi ne ba ya ƙarko. Damina uku ya yi a hannun masu ilmi. Suka cire allonsu suka tafi da shi, wai kada ya lalace. Babu wanda ya je Gumel ya ce wa tsohuwar nan sannu. Masu zuwa jaje kuma kowa sai ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa musunta ba. Amma na ga wanda ya sayo simintin, na ga wanda ya ba da shawara, kuma na san wanda ya rage saƙo a hanya.

A Gumel ba ta yi ƙorafi ba. Ta rage cin abinci, ta rage magana. Matar yayana ta yi iya ƙoƙarinta. In na zo, tambayarta ɗaya ce, an share wurin ko yana nan yadda yake. Da jikinta ya yi nauyi, wata safiya muna mu biyu, na ce, "Inna, akwai abin da zan faɗa miki. Saƙon da kika ba ni a kan siminti, ban kai shi yadda kika faɗa ba. Ce masa na yi kin ce a bi a hankali."

Ta juyo ta dube ni. Sai ta ce, "To wancan bai ji na ce ban yarda ba?"

Na ce, "Bai ji ba."

Ta ce, "Ashe bai ƙi maganata ba." Ta lumshe ido ta ce alhamdu lillahi. Shekara uku tana ɗauke da wannan a kan ɗanta, ba ta gaya wa kowa ba. Ni kuma ba ta yi mini faɗa ba, ko kalma ɗaya. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Da yayana ya shigo gaishe ta da yamma, ta ɗaga kai ta dube shi a fuska, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ya fito yana tambayata lafiya kuwa. A nan na gaya masa. Ya daɗe kafin ya sake kirana Auta.

Ta rasu kafin kaka, a ɗakin tayil. Daga can aka fitar da ita. Allah ya jiƙanta, ya yafe mana.

Ni da yayana mun shirya tuntuni. Zauren farko kaɗai ya rage a gidan madugu, mun kankare simintinsa da hannunmu, kuma duk shekara ina taka ƙasa, ƙafata tana tsagewa, ba na ce wa kowa komai. Amma fushin bai tafi ba. Ina jin sa duk lokacin da wani ya tsaya gaban tsohon gini ya kira shi kango don bai ga fenti ba, alhali bai taɓa tambayar matan gidan yadda aka yi ginin ya kai yau ba. Kunyar mahaifiyata ba ita ta rushe soron ba. Al'adar ta ɗora mini amana ɗaya, in kai magana yadda take, ni na gaza.

Bara na wuce ta ƙofar gidan dagaci na ga an sauke yashi da buhuna. Na tsayar da babur, na nemi babban ɗan gidan, na gaya masa komai tun daga farko, har da nawa laifin. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Malam, naku ai ba a sami ƙwararru ba ne." Samarin da ke wajen suka yi dariya. Sun yi filastarsu, fari da shuɗi. Bana damina ta biyu ke nan, kuma akwai tsohuwa a ɗakin gabas. Duk Juma'a bayan masallaci nakan bi ta wajen in ƙwanƙwasa bangon, in shiga in gaya wa babban ɗan gidan abin da na ji. Ya fara ɓuya in ya hango ni. Zan ci gaba da zuwa.