Baba Zarami da Inabin da Ke Son Wuƙa

Kullum bayan sallar asuba, kafin masunta su tura kwalekwalensu, Baba Zarami yana lambunsa a bakin kogin Haɗeja, da 'yar wuƙarsa a aljihu. Ba ya fara ban ruwa sai ya bi itacen inabinsa reshe-reshe, yana taɓawa yana ƙunƙuni kamar mai yi wa jika faɗa. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana wannan hidima.

Asalin inabin ba namu ba ne. Wani Baturen Italiya da ya zo aikin hanya, lokacin Zarami yana kula masa da lambu, shi ya zo da sanduna uku cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya ce iri ne na tsaunukan garinsu, kakannin kakanninsa ma tarar da shi suka yi, kuma a can matse shi ake yi a yi giya. Zarami ya ce to, nan dai ci za a yi, yadda Allah Ya halicce shi. Baturen ya koma ƙasarsu, sanda ɗaya ta kama.

Inabi ne mai taurin kai. 'Ya'yansa ƙanana, ja mai duhu, ɓawo kauri, ga tsami idan aka yi gaggawar tsinka. Sai an gaji da jira yake nuna, amma wanda ya ɗanɗana nunanne ba ya mantawa. Kuma ba ya haihuwa sai an wahalar da shi. Da damina ta wuce, Baba zai hana shi ruwa, ya zage ganyen tas, ya datse rassan har ya koma kamar itacen girki. Mu kuwa mutanen fadama, ɗanyen itace mai inuwa ba ma iya sa masa wuƙa. Duk wanda Baba ya ba dashe, shayar da shi yake safe da yamma, ya samu rumfa mai sanyi, ko ƙwaya ɗaya babu. A bayan idonsa har cewa muke tsohon nan ba shi da tausayi.

Sai aka yi ambaliya. Ruwa ya fi wata a lambun, da ya janye inabin ya ruɓe tun daga saiwa. Munzali masunci, wanda ya kai Baba lambun a kwalekwale, ya ce bai taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Tsohon ya bi gidajen da ya raba wa dashe: wani ya sare, wani awaki sun cinye. Saura ɗaya tak, a garin Miga, gidan Yagana, matar marigayi amininsa. Daga shi kaɗai za a iya samun sandunan sabon dashe, kuma da yawa ake bukata, don cikin goma da ƙyar biyu ke kamawa.

Da Baba ya nemi ya datse shi, Yagana ta ƙi. A inuwar inabin nan mijinta yake zama har ya rasu.

"Malam, in ka yanke ya mutu fa?"

"Zai iya mutuwa, Yagana, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma in aka bar shi haka, ranar da ya bushe iri ya ƙare."

Kwana uku ta yi tana juya maganar, sannan ta aika masa. Da ya zo da wuƙa, ɗaki ta shige don kada ta gani. Bayan wata huɗu, itacen da bai taɓa haihuwa ba ya rataye 'ya'ya curi-curi, sanduna goma sha ɗaya kuma suka kama a Haɗeja.

Baba Zarami, kai ne ka riƙe amanar baƙon da ba ya ko jin yarenmu, ka sha zargi ba ka taɓa ramawa ba. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Duk mai wani tsohon iri a hannunsa, na gero ne ko na shinkafa, ya raba wa maƙwabta, kuma ya koya musu yadda ake kula da shi.

Bana hannun Baba ya fara rawa, ya ce ya ajiye aiki. Ya tafi Miga ya miƙa wa Yagana wuƙar. Ta kama reshen farko idonta cike da hawaye, ta ɗora wuƙar can wajen ƙarshensa.

"Ƙara yin ƙasa," in ji shi. "Tausayinki ya yi yawa."

Ta yi ƙasa, ta yanke.